Tsofaffin Jif A Kudancin Kaduna: Me Ke Sa Wata Ta Yi Ƙarko, Wata Ta Koma Akurkin Kaji?

Daga Wakilinmu

Duk shekara idan aka gama haƙar citta a ƙasashen Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a, kuɗi suka shigo hannun manoma da 'yan kasuwa, akan sami mutane da dama waɗanda babban burinsu shi ne su mallaki mota irin wadda jama'a ke kira jif. Ba alfahari kaɗai ke kawo wannan buri ba. Mutumin da gonarsa ke ƙetaren rafi, ko gidansa ke gindin dutse inda kwalta ba ta kai ba, ya san amfanin mota mai tsayin ƙafa ran da ruwa ya kwana yana zuba, ga mai naƙuda a ɗaki, ga babban asibiti can a Kafanchan. To, amma sabuwar jif ta fi ƙarfin aljihun talaka, har ma da na mai matsakaicin hali, saboda haka yawancin waɗanda ake gani a wannan yanki tsofaffi ne, sun riga sun yi shekara 10 ko 20 suna aiki a wata ƙasa kafin su iso nan.

Abin mamaki shi ne, a cikin waɗannan tsofaffin motoci akwai wadda ta shekara 40 tana hawa da gangara, har yau kuwa ba ta gaza ba. Akwai kuma wadda ba ta cika shekara 2 a hannun mai ita ba aka ɗora ta bisa duwatsu a bayan gida, kaji suka mai da ita akurki, kuɗin cittar shekara guda suka bi ruwa. Abin da ya raba waɗannan motoci biyu shi ne ya kamata duk mai niyyar saye ya fahimta tun kafin ya zura hannu a aljihu.

ƘASAR DA KE GWADA MOTA

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurdi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fid da reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Shekara da shekaru jirgi ne ke ɗauke da citta da sauran amfanin gona zuwa bakin teku. Da harkar jirgi ta yi rauni tun daga shekarun 1980, sai nauyin duka ya komo kan mota, kan hanyoyin da tun asali ba a yi su don irin wannan wahala ba.

Damina a nan takan kama tun daga Afrilu har zuwa Oktoba, ruwan kuwa ya fi na Zariya da Kano yawa nesa ba kusa ba. Manyan hanyoyi, irin wadda ta taso daga Kaduna ta bi ta Kachia da Zonkwa, da wadda ta nufi Kwoi, da wadda ta ratsa Kagoro da Manchok zuwa Jihar Filato, suna da kwalta, ko da yake ramuka ba sa rabuwa da su. Amma da zarar mutum ya saki kwalta ya nufi ƙauye, sai jar ƙasa mai santsi, da kwazazzabai, da rafukan da ba su da gada, da hawan dutse. Idan rani ya yi, hunturu ya busa, taɓon nan sai ya bushe ya zama kunya-kunya mai kwance kowane ƙusa a jikin mota, ƙura kuma ta shiga duk inda iska ke shiga. Motar da ke da wani ɓoyayyen rauni, damina ɗaya da rani ɗaya sun isa su tona shi.

Daɗin daɗawa, shekarun da aka yi ana fama da hare-hare da satar mutane a wasu sassan yankin sun sa lalacewar mota a daji ta wuce batun ɓata lokaci. Direban da motarsa ta mutu da la'asar sakaliya a tsakanin ƙauye da ƙauye, shi da fasinjojinsa sun san abin da zuciyarsu ke raya musu.

ZAMANIN LAND ROVER

Dattawan Kudancin Zariya, kamar yadda ake kiran yankin a da, sun buɗi ido ne da Land Rover. Ita ce motar Di'o da ta En'e, ita ce ta malaman dabbobi masu bin rugage suna yi wa shanu allura, ita ce ta 'yan sanda, ita ce kuma ta 'yan mishan da ke da makarantu da asibitoci a wurare irin su Kagoro da Kwoi da Zonkwa. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fito da ita a 1948, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙarfe ke wuyar samu a can. Wannan ƙarancin ne ya sa aka yi gangar jikinta da alminiyam, watau goran-ruwa, wanda ba ya tsatsa. Abin da aka yi don dole sai ya zama shi ne sirrin daɗewarta. Har yanzu akan ci karo da irin na farko-farko masu sitiyari a hannun dama, shaidar cewa sun shigo tun kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma bin dama.

Samfurin da ya fi yawa a ƙasar nan shi ne wanda aka ƙera daga 1961, da wanda ya biyo bayansa daga 1971 zuwa 1985, masu inji mai silinda 4 da bai wuce lita 2 da kwata ba. A gefen giya akwai 'yan sanduna biyu, ɗaya mai rawayan kai, ɗaya mai jan kai. Idan direba ya danna mai rawaya sai ƙarfin inji ya rabu ga ƙafafu huɗu, idan kuma ya ja mai ja baya sai motar ta shiga giyar ƙarfi, ta riƙa tafiya kamar hawainiya amma ba tudun da zai gagare ta.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Land Rover ba ta lalacewa. Duk wanda ya riƙe ta ya san ba ta rabuwa da yoyon baƙin mai, ga shan fetur, ga rashin gudu, ga kuma sandar aksil ta baya da takan karye idan aka matsa mata cikin taɓo. Shasinta kuwa ƙarfe ne, yana tsatsa kamar kowane ƙarfe. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne, kusan duk abin da ya lalace a jikinta ana iya kwance shi da sifana da filaya a gindin mangwaro. Ko sandar baya ta karye, direba na iya sa ƙafafun gaba su ja shi har gida. Mota ce mai yawan ƙorafi amma mai wuyar mutuwa. A nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da mutane kan haɗa: akwai motar da ba ta cika lalacewa ba, akwai kuma motar da ko ta lalace ba ta gagarar gyara. Mutumin ƙauye yana bukatar duka biyun, amma in dole sai ya zaɓi ɗaya, na biyun ya fi masa amfani.

PEUGEOT DA TOYOTA

A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna. Peugeot 404 da 504, musamman a-kori-kura da doguwar nan mai ɗaukar fasinja, ba jif ba ne, ƙafafun baya kaɗai ke ja, amma sun yi aikin jif a hanyoyin Kudancin Kaduna fiye da yadda maƙeransu suka zata. Ita 504 har gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka ta ci a 1975. Sai dai abin da ya fi ba ta daɗewa a ƙasar nan shi ne masana'antarta na kusa, kayan gyaranta na kowane shago, kuma babu garin da za a rasa makanikin da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Da aka daina ƙera ta, kayan gyara na ainihi suka ja baya, jabu suka cika kasuwa, sai ga ta tana ɓacewa daga hanya sannu a hankali, alhali ƙarfenta bai canja ba. Wannan darasi ne babba.

Ita kuwa Toyota Land Cruiser ta Japan asalinta tun 1951 ne, aka raɗa mata wannan suna a 1954. Samfurin da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984 shi ne ya fara ƙwace wa Land Rover kasuwa a Afirka, don kuwa ya zo da ƙarfin Land Rover ba tare da yawan ƙorafinta ba. A 1984 aka fito da samfurin 70, wanda har yanzu ana ƙera shi, a 1990 kuma aka sa masa injin dizal mai silinda 6, lita 4.2, wanda ake kira 1HZ. Wannan inji ba shi da kwamfuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, kuma yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka riƙe shi a duk inda hanya ta ƙare. Maƙwabtanmu na Chadi sun ga abin da motocin Toyota ke iyawa a 1987, sa'ad da sojojinsu suka yi amfani da a-kori-kura na wannan kamfani suka fatattaki tankokin Libiya a hamada, har aka riƙa kiran wannan faɗa Yaƙin Toyota. A 2019 kamfanin ya ba da sanarwar cewa Land Cruiser da ya sayar a duniya sun haura miliyan 10.

Akwai kuma Mitsubishi Pajero, wadda ta fito a 1982, ta ci gasar Dakar har sau 12, aka daina ƙera ta a 2021, da Nissan Patrol, wadda ita ma tsarar Land Cruiser ce. Dukansu ƙira ɗaya suka bi.

ZUWAN TOKUMBO

A farkon shekarun 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja, ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi kan karɓi rancen mota ya je ya fito da sabuwa fil. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari jama'a. Daga nan ne kasuwar motocin gwanjo ta buɗe, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Da fari daga Turai suke zuwa, daga baya Amurka da Kanada suka karɓe kasuwar jif. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun daga 1 ga Janairu, 2017, aka ce sai ta tashar jiragen ruwa. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kaso mafi girma kuwa Afirka ya zo, da yawansu cikin halin da ba za a bar su su hau titi a ƙasashen da suka fito ba.

BA KOWACE JIF CE JIF BA

A bakin mutanenmu duk mota mai tudu jif ce. A wajen maƙera kuwa iri biyu ne, bambancinsu kuma yana ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa.

Iri na farko an gina ta ne bisa shasi mai kama da tsani, watau dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da gajeru, aka ɗora inji da gangar jiki a kai aka ɗaure da ƙusoshi. Land Rover ta da, da Land Cruiser, da Prado, da 4Runner, da Patrol, da Hilux, da Pajero na farko-farko duk haka suke. Idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami, shasin ne ke shanye murɗawar. Yawancinsu kuma suna da giyar ƙarfi.

Iri na biyu ba ta da shasi daban. Gangar jikin ita ce ƙashin bayanta, kamar dai ƙaramar mota, sai dai an ɗaga ta sama kaɗan. RAV4, da Honda CR-V, da Highlander, da Lexus RX300 suna cikin wannan rukuni. Motoci ne masu kyau, masu laushin tafiya, ba su kai na farko shan mai ba, kuma wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Kafanchan zuwa Jos ko Abuja ba zai ji daɗinsu ƙwarai. Amma ba su da giyar ƙarfi, wasunsu ma ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Wanda ya ɗora wa irin wannan buhunan citta ya riƙa ratsa rafi da ita kullum, ba da daɗewa ba ƙafafunta za su fara kuka, ƙofofinta su daina rufuwa daidai. Ba laifin motar ba ne, an sa ta aikin da ba nata ba. Kallon kitse aka yi wa rogo.

CIWON DA KE ZUWA DAGA ƘETARE

Ko motar ta ainihi ce mai shasi, akwai cututtukan da takan taho da su. Babba daga ciki shi ne tsatsa. A arewacin Amurka da Kanada da Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin shasi daga ciki. Ko Toyota da ake yabo ba ta tsira ba: a 2016 kamfanin ya amince da sulhu a Amurka wanda aka ƙiyasta zai iya kai Dala biliyan 3.4, saboda tsatsar shasi a motocin Tacoma da Tundra da Sequoia kimanin miliyan ɗaya da rabi. Motar da shasinta ya ruɓe, kome kyan fentinta da sanyin cikinta, gawa ce da ba a binne ba.

Na biyu shi ne ambaliya. Bayan manyan guguwowi irin Katrina ta 2005 da Harvey ta 2017, dubban ɗaruruwan motoci sun nutse a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu da araha, wasu kuma aka wanke su aka tura ƙasashen waje. Ruwa ba ya barin wayoyin lantarki lafiya. Motar kan yi wata 6 garau, sa'an nan ta fara abubuwa kamar mai aljanu, yau fitila, gobe gilashi, jibi ta ƙi tashi sam.

Na uku shi ne raunin da wasu samfura suka shahara da shi tun daga masana'anta. Misali, Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 masu giyar otomatik an san su da fashewar lagireto ta ciki, ruwa ya gauraye da man giya ya kashe giyar. Wasu injunan Toyota da Lexus na 1997 zuwa 2002 kuma an san su da daskarewar baƙin mai idan ba a canja shi kan kari. Manyan jif na alfarma waɗanda ke tsaye bisa balan-balan na iska a madadin sifirin, ran da balan-balan ɗin ya huje sai motar ta durƙusa kamar raƙumi, kuɗin tayar da ita kuwa ba kaɗan ba ne.

Sai kuma batun kwamfuta. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da mahaɗin da ake jona na'ura a karanta ciwonta. Wannan ci gaba ne, don na'urar kan nuna inda matsala take cikin minti kaɗan. Amma inda babu na'urar, ko babu wanda ya iya karanta ta, sai gyara ya koma canki-canka, a sayi wannan a sa, bai yi ba a sayi wancan, har aljihun mai mota ya ƙare ciwon na nan.

ABIN DA MU KE YI MUSU DA HANNUNMU

Gaskiya ɗaya ce, ba dukan laifin ke ƙetare ba. Akwai al'adun gyara da suka zama ruwan dare a garejojinmu waɗanda ke rage wa mota kwana. Da mota ta iso, sai a cire ɗan makullin da ke daidaita zafin ruwan inji, a ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Alhali an ƙera injin ne ya yi aiki a wani zafi ƙayyadadde, in bai kai shi ba sai ya ƙara shan mai, ya kuma riƙa cin kansa. Sa'an nan a cika lagireto da ruwan rijiya a madadin ruwan da aka tanada mai hana tsatsa, bayan shekara biyu hanyoyin ruwa su toshe, inji ya yi zafi a hawan dutse, gaskit ya ƙone.

Haka nan baƙin mai na awo da ake saye a bakin hanya, da matatar iska da ake kakkaɓewa a mayar har ta yage, ƙurar hunturu ta riƙa shiga tana goge ringi kamar sanfefa. Bel ɗin da ke daidaita bugun inji, wanda makanikai ke kira taimin, yana da iyakar tafiyar da maƙera suka yanka masa, galibi wajen kilomita 100,000 zuwa 150,000, a wasu injuna kuwa idan ya tsinke ana cikin tafiya sai an sauke inji gaba ɗaya. Mutum nawa ne ke canja shi kafin ya tsinke? Wanda ke ratsa rafi kuma, ruwa kan shiga cikin aksil ya gauraye da mai har ya koma fari kamar nono, in ba a zubar an sake ba haƙoran ciki su cinye. Giris ɗin farfela da bai fi kuɗin kwanon abinci ba, rashinsa na iya ja wa mutum asarar dubbai. Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin mai mota, kamar gurɓataccen fetur da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 wanda ya lalata injuna da dama. Rigakafi dai ya fi magani.

LISSAFIN ALJIHU

Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, farashin gwamnati na litar fetur bai kai Naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haura Naira 1,000. Tsohuwar jif mai silinda 6 takan yi wajen kilomita 7 da lita guda, mai silinda 8 ma ba ta kai haka ba. Daga Kafanchan zuwa Kaduna da dawowa ya haura kilomita 400, watau kimanin lita 60 ke nan. Tafiyar da a da ba ta wuce Naira 12,000 ba, a ƙarshen 2024 sai da Naira 60,000. Dala kuma da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura Naira 1,500 a 2024, kayan gyara kuwa duk da Dala ake shigo da su.

Wannan ya zo daidai da annobar da ta faɗa wa citta a daminar 2023, wadda ta ruɓar da gonaki masu yawa a Kudancin Kaduna, ta bar manoma da bashi. Da yawa daga cikin jif ɗin da aka jingine a waɗannan shekaru lafiyarsu ƙalau, aljihun masu su ne ya gaza. Shi ya sa ake ganin manyan jif masu silinda 8 da arahar ban mamaki a wajen dillalai. Araha kuwa ba ta ado. Kuɗin sayen mota sau ɗaya ake biyansa, kuɗin riƙonta kullum ne.

KAFIN A BIYA

Mai niyyar saye ya fara tambayar kansa inda motar za ta riƙa bi. In kwalta ce, ba shi da bukatar ɗaukar nauyin babbar jif. In daji ne, to, ya nemi mai shasi da giyar ƙarfi, in da hali mai giyar hannu, wadda ko batir ya mutu ana iya tura ta ta tashi.

Sa'an nan, tun kafin ya je wajen dillali, ya zaga garejojin garinsu ya ga irin motocin da makanikai suka saba da su, ya kuma tambayi masu shagunan kayan gyara abin da ke kan kantarsu. Motar da sai an aika Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko kafin a sami ɗan ƙaramin abu nata, za ta riƙa kwana mako biyu a gareji saboda abin da bai kai tafin hannu ba. Wadda kayanta ke Kafanchan ko Jos kuwa, da safe ta lalace, da yamma tana kan hanya.

Kada ya yarda da cinikin biri a sama, watau ya biya bisa hoton da aka turo masa ta waya. Ya je da makanikinsa, wanda shi zai biya, ba na dillali ba. A shiga ƙarƙashin motar da tocila da ƙaramar guduma a ƙwanƙwasa shasi, a lura ko an shafe shi da sabon baƙin fenti don a ɓoye wani abu. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a duba ko akwai busasshen taɓo ko tsatsa a ƙarƙashin kujeru. A tayar da injin da sassafe yana sanyi, a ga irin hayaƙin da zai fitar. A buɗe murfin baƙin mai a leƙa, a duba launin man giya. A sa giyar ƙarfi a gwada ta a kan tudu, don sau da yawa akan tarar an cire farfelar gaba ba a faɗa ba. Kada a dogara da lambar tafiya da ke gaban direba, don ana mai da ita baya, a kuma tuna cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil 200,000 kuwa ya haura kilomita 320,000. Yawancin motoci suna da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, da ita ana iya bincika tarihin motocin Amurka ta intanet, a ga ko ta taɓa haɗari ko nutsewa. A tabbata kuma takardun kwastan na gaskiya ne. Daga ƙarshe, kada mutum ya zuba dukan abin da ya mallaka a ciniki, ya rage wani abu na tayoyi da mai da bel da birki, don babu tsohuwar motar da ba ta neman wani abu a watan farko.

INDA ƘARKO YAKE

Idan aka dubi tarihin nan tun daga Land Rover har zuwa tokumbo, za a ga cewa ƙarkon mota kamar murhu yake, duwatsu uku ke riƙe da shi: ƙira mai sauƙi da ta dace da hanyar, da makaniki da kayan gyara a kusa, da mai riƙo wanda ba ya jiran sai abu ya karye. Suna da tambarin kamfani suna taimakawa wajen dutse na farko kaɗai. Sauran biyun a hannunmu suke.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukuma. Tsofaffin jif marasa kwamfuta suna ƙarewa, waɗanda ke shigowa yanzu duk masu lantarki ne, makanikanmu kuwa, waɗanda yawancinsu a gindin bishiya suka koyi sana'a kuma suka riƙe ta da mutunci, suna bukatar horo da na'urori. Makarantun koyon sana'a na jiha, da sabuwar jami'ar kimiyya da Gwamnatin Tarayya ta kafa a Kachia a 2025, suna iya shirya gajerun kwasa-kwasai dominsu, ƙungiyoyin makanikai kuma su haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike ko da guda ɗaya ce a kowane gari. Ƙananan hukumomi su ma su tuna cewa kwalbati ɗaya a kan rafi yakan ceci motoci fiye da gareji goma, yakan kuma sa manomin da ba shi da halin jif ya fito da amfaninsa da ƙaramar mota. Kafin wannan ya samu, wanda Allah Ya hore wa abin saye ya sa ido, ya yi tambaya, ya leƙa ƙarƙashi kafin ya dubi fenti. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma sa albarka a abin da aka samu.